Gurbi Ɗaya Babu Kowa

Shekara takwas muna tare,
ni da kwamfutar cinyar nan mai tsagaggen gefe.
Ita ke riƙe mini lissafin masu kifi uku
a kasuwar Kadikoy, gabas da ruwan Santambul.
Bana ta fara nawa.
In na tashe ta da asuba
sai na dafa shayi, na shanye, na ɗauraye kofi,
tana nan tana juya ɗan zobenta
kamar wanda suna ya maƙale masa a harshe.

Feride ta ce, "Baba, yar da ita."
'Yata ce, albashinta bai san sanyi ba.
Ni ne na san kuɗin gas a watan Janairu.

Na kai ta wurin Usta Rustem,
ɗan shago a ƙarƙashin matakala,
kyanwa na barci bisa tulin caja.
Ya kwantar da ita rub da ciki,
ya kwance noti tara, ya tara su a murfin kwalba,
ya hure ƙurar shekara takwas.
"Leƙa," in ji shi. "Gurbi biyu ne.
Wannan giga huɗu. Wannan babu kowa,
tun ranar da aka ƙera ta yake jiran baƙo."

Na ce, "In an cike shi, ƙuruciyarta za ta dawo?"
Ya yi dariya har kyanwar ta buɗe ido ɗaya.
"Ram ba ya rage shekaru.
Faɗin tebur yake ƙarawa.
Yanzu a kan faranti take aiki,
ka miƙa mata takarda, dole ta sauke wata ƙasa."

Sabo, lira dubu da ɗari shida.
Na hannu, rabin haka,
an zaro shi daga wata da shayi ya yi ajalinta.
Na ce, "Ba zai zo mini da asirin mutane ba?"
"Ba ya riƙo," in ji Rustem.
"Da an kashe wuta ya manta komai.
Kowace safiya jariri ne."

Maganar nan ta biyo ni har jirgin ruwa.
Na zauna kusa da taga, na buɗe ta a cinya,
tsuntsayen teku na rigima kan gutsuren gurasa.
Na ƙirga shafukan da na bari a buɗe:
talatin da ɗaya.
Akwai gidan nan na gangaren Rize
da nake leƙa farashinsa tun bai ninka ba.
Akwai maganin ciwon gwiwa kala huɗu.
Akwai wasiƙar ƙanena Nevzat,
na fara amsa ta tun bazara,
na rubuta "bayan gaisuwa", na tsaya nan.

Ashe ba ita kaɗai ke juya zobe ba.

In kaya ya danne wuya
wani gammo yake ƙarawa, wani kayan yake ragewa.
Na rufe gwiwa. Na rufe Rize, da kyar.
Na yi ta rufewa har muka wuce hasumiyar tsakiyar ruwa,
fankarta ta sassauta nishi.
Na ce, to, ɗari takwas ɗina sun tsira.
Na buɗe lissafin watan jiya,
sai ga zoben ya dawo,
a hankali, ba kunya.

Wasiƙar ban rufe ta ba.

Da dare na kifa ta don in goge bayanta,
yatsana ya faɗa wani ɗan rami a kusurwa.
Noti takwas Rustem ya ɗaure.
Na taran yana can a murfin kwalba,
kusa da wutsiyar kyanwa,
ya riga ni sanin
inda zan kasance ranar Alhamis.